Rigar da Ba Ta da Aljihu

Rigar baftisma ba ta da aljihu. Ƙarami bai san da haka ba sai safiyar Lahadin da za a yi masa, a ɗan ɗakin canza kaya da ke bayan coci, lokacin da ya zaro ta daga leda ya warware. Ya duba dama, ya duba hagu, ya juya cikinta waje. Farin yadi ne zalla har idon sawu, sai 'yar igiya a wuya. Nan take gabansa ya faɗi.

"Me kake ta lalube ne?" in ji Direba, wanda ya riga ya saka tasa yana zaune a benci, ƙwaurinsa a waje. Tsoho ne da ya ƙarar da ƙarfinsa a kan manyan motoci, shi ma yau ce ranarsa.

"Babu aljihu," Ƙarami ya ce.

"To me za ka shiga da shi? Katin shaida? Wanda za ka je wurinsa ai ya san ka." Direba ya yi dariya har da tari. "Ni damuwata ɗaya ce, kada Fasto ya dulmiya ni ya kasa ɗagowa. Ka dubi hannayensa, ka dubi tumbina."

Ƙarami ya yi yaƙe kawai. Hannunsa na dama yana cikin aljihun wando, a kan abin da ya shekara tara a wurin.

Fis ne, irin na dā, na farin tangaran, wanda ake zarewa a kusa da mita in za a yanke wutar gida gaba ɗaya. An naɗa masa jan salatif zagaye biyu. Salatif ɗin ya koɗe, gefensa ya yi baƙi saboda gumin hannu, amma yana nan daram yadda mai shi ya naɗa.

Mai shi kuwa Babba ne, mijin Yaya, yayar Ƙarami. Shi ya koya wa Ƙarami gyaran wuta. Tsani ɗaya suke ɗauka, akwatin kaya ɗaya, har mutane suka daina wahalar da kansu da sunayensu na gaskiya, sai dai a ce a kira Babba da Ƙarami. Kowane mai gyaran wuta da irin tsarinsa, amma Babba dokokinsa biyu ne, kuma ba ya wasa da su. Ta farko, kafin ka taɓa waya ka zare fis da hannunka, ka naɗa masa jan salatif, ka jefa a aljihunka. Duk wanda ya ga jan nan ya san akwai mutum a kan layi. Ta biyu, ba a mayar da fis sai an kira wanda yake aikin an ji ya amsa, ko da kuwa kana kallonsa ido da ido. Abokan sana'a suna yi masa tsiya, wai ya mayar da canza soket kamar aikin tiyata. Shi ko a jikinsa. Sai ya ce su ci gaba da dariya, shi dai yatsunsa goma ne cif.

Ranar da abin ya faru, a shagon wani mai sayar da daskararren kifi suke. Waya ce ta ƙone a cikin silin. Babba ya zare fis, ya naɗa salatif, ya sa a aljihun rigarsa, ya hau. Amma cikin silin da tsakar rana ba wurin zaman mutum ba ne. Bai yi minti goma ba ya tuɓe rigar ya jefo ta ƙasa, ya ce wa Ƙarami ya rataye ta, ya je ya sayo ƙarin waya.

Da Ƙarami ya dawo, tsanin ba ya ƙarƙashin ƙofar silin. Yana jingine can a bakin shago. Mai kifi ne ya ɗauke shi don ya sauko da kwali, amma bai faɗa ba, shi ma Ƙarami bai tambaya ba. Abin da mai kifi yake faɗa daban ne: awa guda babu wuta, firiza ta fara zubar da ruwa, kayansa za su lalace, shin an kawo masa masu gyara ne ko masu barci? Ƙarami yana da shekara ashirin da huɗu a lokacin, yana jin kansa ya isa, ya gaji da a riƙa yi masa kallon mai riƙe tsani. Ya ga tsani a waje, ya ce a ransa ai Babba ya sauko ya zagaya wanke jiki. Ya sa hannu a aljihun rigar da ke rataye, ya ɗauki fis ɗin, ya je ya cusa. Bai kira ba.

Fitilu suka kama. Firiza ta ɗauki gurnani. Sai aka ji wani abu mai nauyi ya buga a saman silin, sau ɗaya.

Ya fizge fis ɗin, amma aikin gama ya gama. Kafin a sauko da Babba shagon ya cika da mutane, kowa yana tambaya yaya aka yi. Mai kifi ne ya fara buɗe baki. Ya ce da alama marigayin ya manta bai cire fis ba. Ya faɗa yana kallon Ƙarami, Ƙarami yana kallonsa, su biyun sun san awa guda shagon ya yi a duhu. Da Ƙarami ya ce uffan a wannan daƙiƙar, da labarin ya zama daban. Bai ce ba. Ya dunƙule fis mai jan salatif a tafin hannunsa, ya zura a aljihu, daga baya ya ɗauko wani a akwati ya saka a gurbinsa.

Haka maganar ta zauna. Mutumin da ya fi kowa taka-tsantsan a sana'ar ya zama abin ba da misali. Masu koya wa yara aiki sukan ce, ku kula, kada ku yi irin ta Babba. Mai kifi ya rufe shagonsa ya bar garin bayan shekara guda. Ya rage Ƙarami kaɗai, da abin da ke aljihunsa.

Ba wai bai yi ƙoƙarin rabuwa da shi ba. Ya taɓa jefa shi a kwata, ya tafi har bakin titi, ya dawo ya sa hannu cikin ƙazanta ya ciro. Ya taɓa ajiye shi a ƙarƙashin guduma, hannunsa ya ƙi sauka. In ya bar shi a gida sai ya kasa aiki don tsoron wani zai gani, in ya ɗauko shi sai ya riƙa jin nauyinsa a cinya duk inda ya sa ƙafa. Tun daga ranar kuma bai sake bari Yaya ta wanke masa wando ba. Maƙwabta har yabonsa suke yi, wai ga ƙane mai tausayin 'yar'uwarsa.

Yaya ce ta raine shi tun mutuwar uwarsu, ita ta haɗa shi da mijinta don ya sami abin yi. Bayan rasuwar ne ta fara zuwa coci, ta kama da hannu biyu. Shekara bakwai tana gayyatarsa yana zillewa, yau aiki, gobe ciwon kai. Da ya gaji da ƙarya sai ya bi ta, da niyyar ya zauna a baya ya cika mata ido. Abin da bai shirya masa ba shi ne maganar ta shige shi. Fasto mutum ne siriri marar hayaniya, ba ya buga teburi. Wata Lahadi ya ce Yesu bai zo don masu tsabtar hannu ba, ya zo ne don wanda ya san abin da hannunsa ya yi, kuma babu abin da mutum zai ɗauko wanda gicciye bai riga ya ɗauka ba. Ƙarami ya fita ya tsaya a bayan tankin ruwa ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Ya ba da gaskiya, ba na ganin ido ba. Ya gaya wa Allah komai, ba sau ɗaya ba. Sai dai ya lallashi kansa cewa tunda Allah ya ji, ba sai Yaya ta ji ba.

To ga shi yau. Tsarin wannan ikilisiya shi ne, wanda ya kawo ka shi yake karɓar kayan da ka tuɓe, shi kuma zai tsaya maka da tawul a bakin matakalar ruwa. Yaya kuwa matar mai gyaran wuta ce, kuma yayar mai gyaran wuta. Tun ranar da ƙusa ta soke ta a yatsa wajen wanki, ba ta naɗe wandon namiji sai ta zazzage aljihunsa. Hannunta ne yake yi, ko tana hira ko tana waƙa.

A cikin coci an fara ganga. Ta jikin bango ana jin muryoyin mawaƙa da ƙarar famfon da ke ƙarasa cika kwamin baftisma, famfon da shi da kansa ya gyara wa waya ranar Alhamis. Su shida ne za a yi wa, mata huɗu a ɗaya ɗakin, sai shi da Direba. Shi ne na ƙarshe.

"Ka saka mana," in ji Direba. "Ko sai an zo an saka maka?"

Ƙarami ya juya baya ya tuɓe riga da wando, ya zura farar rigar. Fis ɗin yana dunƙule a hannunsa. Ya ƙare wa ɗakin kallo. Benci, tsintsiya, tarin kujerun roba, taga mai ƙarfe. Wuraren ɓoyo sun fi goma ga mai nema. Ya durƙusa kamar mai gyara takalmi, ya tura fis ɗin can cikin ƙafar hagu, ya cusa safa a kai. Yaya ba ta zazzage takalmi. Minti ashirin ne kawai, ya shiga, ya fito, ya ɗauki abinsa. Ya miƙe yana jin zufa tana bin bayansa, duk da ɗakin ba zafi.

Aka ƙwanƙwasa.

"Kun shirya? In shigo?" Muryar Yaya ce.

Direba ya tashi ya ce bari ya ba su wuri, shi zai je ya tsaya kusa da ƙofa ya riƙa yi wa Fasto addu'ar ƙarfin hannu. Yaya ta shigo da sabon tawul a kafaɗa, ta sha kwalliyar da Ƙarami ya daɗe bai gani a jikinta ba. Ta tsaya tana kallonsa daga sama har ƙasa, idonta ya ciko.

"Dubi wuyan rigar a karkace," ta ce, ta sa hannu ta gyara igiyar. "Ƙato da kai, har yau ba ka iya ɗaura abu daidai ba."

Ta ɗauki wandon daga benci, ta zura hannu a aljihun dama, ta zura a na hagu, ta fito da makulli da ɗan guntun fensir, ta naɗe. Ƙarami yana kallon hannun nata, numfashinsa a tsaye. Ta ɗora rigar a kai. Ta sunkuya za ta ɗauki takalman.

"Bar su nan, Yaya. Babu mai ɗauka."

"To." Ta bar su. Shi ke nan, ya tsira. Ya ji ƙirjinsa ya saki kaɗan, ya kuma ji kunyar sakin.

Amma ba ta fita ba. Ta zauna a bakin benci da kayan a cinyarta, tana shafa su.

"Ƙarami, in ka shiga ruwan nan ka tuna da ni. An ce addu'ar sabon mutum ba ta faɗuwa ƙasa, ban sani ba ko haka ne, amma ka yi mini."

"Wace iri, Yaya?"

"Ka roƙa mini in iya yafe wa mutumin nan." Ba ta taɓa kiran mijinta da suna ba, ko yana raye. "Kullum ina tsayawa a can ciki ina waƙa, ana ce mini uwar masu haƙuri. Ba su san komai ba. Shekara tara ina fushi da mamaci. In na tuna sai in ce, kai da kake hana ni taɓa makunni da jiƙaƙƙen hannu, kai da kake cika mini aljihu da jan salatif, ranar da ya kamata ka tuna da ni da 'yarka sai ka manta? Hotonsa ma na kife shi a ƙasan akwati. Yarinyar nan ta tashi ba ta son a ce ta yi kama da shi." Ta share ido da bakin tawul. "Na gaji. Ina so in sauke."

Gangar ta tsaya. Aka ji Fasto ya fara magana a lasifika, yana kiran mace ta farko.

Ƙarami ya tsaya kamar an dasa shi. Duk shekarun nan yana ganin shirunsa shi kaɗai yake ci. Ya ɗauka ya bar wa Yaya baƙin cikin rashi ne kawai, irin wanda kowace gwauruwa take ɗauka. Bai taɓa sanin ya raba ta da mijinta sau biyu ba. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, domin Yaya ce kaɗai gidan da yake da shi a duniya, kuma ya san abin da zai faɗa yana iya rufe masa ƙofar har abada. Ya durƙusa a gaban takalmin, ya zare safar.

"Yaya, miƙo hannunki."

Ta miƙa tana murmushi, a zatonta wata kyauta ce. Ya ɗora mata fis ɗin.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta juya shi. Ta kai farcen babban yatsa kan bakin salatif ɗin, inda aka lanƙwashe shi kaɗan don ya yi sauƙin ɓarewa. Mutum ɗaya ne yake irin wannan lanƙwasa, kuma ta ɓare irinta ba adadi a bakin bahon wanki.

"Na ina ne wannan?"

"Na shagon mai kifi."

Murmushin ya gushe a hankali.

"Ya cire ke nan."

"Ya cire, Yaya. Ya naɗa, ya sa a aljihu. Zafi ne ya sa ya jefo rigar ƙasa."

"Wa ya mayar?"

"Ni."

A cikin coci aka ji ƙarar ruwa, sai tafi da guɗa. An gama da ta farko.

Yaya ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Ka kira shi?"

"Na ga tsani a waje, na ɗauka..."

"Ba abin da ka ɗauka na tambaye ka ba. Ka kira shi?"

"Ban kira ba."

Ta gyaɗa kai sau biyu, kamar mai jin farashin kaya. Ta ajiye wandon da rigar a benci, a natse, ta daidaita gefensu.

"Kana zaune a gidana," ta ce. "Kana cin abin da na dafa. Kana ji ina faɗar magana a kansa, kana ji ana yi masa dariya a bakin titi. Da wannan a aljihunka."

"Eh."

"Shi ya sa kake wanke wandonka."

Ta miƙe, ta dunƙule fis ɗin a hannu, ta bi ta gefensa ba ta taɓa shi ba. Ba ta bi ƙofar da ke shiga coci ba. Ta buɗe ta waje, wadda take fita harabar, ta ja ta a bayanta. Tawul ɗin yana kafaɗarta, da alama ta manta da shi.

Ƙarami bai san iya lokacin da ya yi a durƙushe ba. Ya ji tafi na biyu, ya ji na uku. Wani dattijon ikilisiya ya leƙo ya ce ya fito layi, ya ga yanayinsa, ya koma da sauri. Jim kaɗan aka sa mawaƙa su ja waƙa, sai ga Fasto da kansa a bakin ƙofa, jiƙe har ƙirji, ruwa yana ɗiga daga hannun rigarsa.

"Lafiya?"

"Fasto, a cire sunana."

"Me ya faru?"

Ya gaya masa. Abin da ya ɗauki shekara tara bai ci jimla biyar ba. Fasto ya saurara bai katse shi ba, ya sauke ajiyar zuciya, ya dubi tabon ruwan da yake taruwa a ƙafarsa.

"Ka fasa ba da gaskiya ga Yesu ne?"

"Ban fasa ba."

"To a kan me zan cire sunanka? Ruwan can ba na waɗanda suka gama wanke kansu ba ne. Kabari ne. Ana shiga da tsohon mutum a bar shi a ciki."

"Yaya ta tafi."

"Wannan kam ba zan yi maka alkawarin komai ba," in ji Fasto. "Ta yiwu ta dawo yau, ta yiwu ba bana ba. Haƙƙinta ne, kada ka matsa mata. Gafarar Allah ba ta jiran tata, amma ba ta kuma share abin da ka yi mata. In za ka shiga, ka shiga da sanin haka. In kana so a ɗaga zuwa wata rana, babu mai jin dalili daga bakina."

Ya juya ya koma. Ƙarami ya dafa benci ya tashi. Ya bi bayansa.

Kwamin yana gaban coci, bayan mumbari, da matakala a kowane gefe. Ya tsaya a layi ya ga an yi wa ta huɗu, wata mata mai ɗinki, ƙanwarta ta rungume ta da tawul tun ba ta gama hawowa ba. Ya ga an dulmiya Direba, Fasto ya ɗago shi da kyar har jama'a suka yi dariya, matarsa tana jiransa tana kuka tana dariya. Sai aka kira shi.

Ruwan ya fi yadda ya zata sanyi. Ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu. Ya ɗaga kai ya dubi bakin ɗaya matakalar. Babu kowa. Ya dubi kujerar da Yaya take zama, layi na uku kusa da taga. Jakarta ce kawai a kai. 'Yarta tana gefe, budurwa mai goshin ubanta, tana waige-waige tana neman uwar.

Akan ba kowa dama ya faɗi kalma ɗaya ko biyu kafin a yi masa. Yawanci godiya ce. Dattijon ya miƙo masa makirufo daga bakin kwamin, yana riƙe da shi da kansa don kada ya taɓa da jiƙaƙƙen hannu. A cikin jama'ar akwai masu gyaran wuta aƙalla biyar, akwai masu gidajen da yake yi wa aiki, mutanen da suke ba shi makullinsu su fita. Ya san abin da zai iya rasawa. Ya kuma san a gaban mutane aka ɓata sunan Babba, ba a ɗakin canza kaya ba.

"Da yawanku kun san Babba," ya ce. "An ce ya manta bai cire fis ba. Bai manta ba. Ya cire, ya naɗa salatif yadda ya saba. Ni na mayar, ban kira shi ba. Na ji ana faɗar ƙarya a kansa na yi shiru, shekara tara. Duk wanda ya taɓa cewa kada a yi irin ta Babba, ya daina. A yi irin tasa."

Can baya wani ya ce wani abu ƙasa-ƙasa, kujera ta yi ƙara. 'Yar Yaya ta sa hannu biyu ta rufe baki. Ƙarami bai sauke idonsa daga kanta ba sai da Fasto ya dafa ƙeyarsa.

Fasto ya tambaye shi ko ya gaskata Yesu Almasihu ne Mai Cetonsa. Ya ce ya gaskata. Ya ji ana ambaton Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, sai ruwa ya rufe shi.

A ƙasa babu ganga, babu gunaguni. Hannunsa na dama ya tafi da kansa zuwa cinya, inda ya saba zuwa sau ɗari a yini, ya tarar da yadi kawai. Babu abin riƙewa, babu abin da wani zai gano. Duk abin da yake tsoro a sani an riga an sani, kuma ga shi bai mutu ba. Da Fasto ya ɗago shi ya ja iska har ƙasan ƙirjinsa, irin jan da ya manta ana yi.

Tafin bai yi ƙarfi ba. Wasu sun yi, wasu hannayensu suna cinya. Ya hau matakalar ruwa yana zuba daga jikinsa, ya tsaya a sama shi kaɗai, sanyi yana kaɗa shi. Direba ya matso da nasa jiƙaƙƙen tawul, ba ya dariya yanzu.

"Ungo, ɗana. Ya ɗan jiƙe, amma ya fi babu."

Ƙarami ya miƙa hannu ke nan sai aka kira shi daga can ƙofar baya.

"Ƙarami."

Ruwa ya cika masa ido, hasken ƙofar kuma ya hana shi ganin fuska. Amma muryar ba baƙuwa ba ce. Ya sa hannu yana share ruwan idonsa. Duk cocin ya juya. Ba ta matso ba, tana tsaye inda take.

"Ƙarami," ta sake cewa.

"Na'am, Yaya."

Sai a lokacin ta tako. Ta bi tsakiyar kujeru a hankali, kwalliyar idonta ta ɓaci, fuskarta babu sassauci ko kaɗan. Ta tsaya a gabansa.

"Ka ga yadda ake yi," ta ce, yadda shi kaɗai da Direba za su ji. "A kira, a jira a ji."

Ya sunkuyar da kai.

"Ban ce na yafe ba. Kada ka tambaye ni yau, kada ka tambaye ni gobe." Ta zare tawul ɗin daga kafaɗarta ta ɗora masa a ka, ta goga sau ɗaya da ƙarfi, irin gugar da take yi masa yana ɗan shekara shida. Ɗaya hannun nata a dunƙule yake, jan salatif yana leƙowa ta tsakanin yatsu. "Wannan kuma nawa ne. Zan je in ciro hotonsa."

Ta juya ta kama hannun 'yarta suka fita tare, ba ta jira a rufe sujada ba. Ƙarami ya koma ɗakin canza kaya da tawul ɗin a wuyansa. Wandonsa yana benci inda ta naɗe shi. Ya saka, ya mayar da makulli da guntun fensir a aljihun hagu, ya bar na dama ba komai.